Abba, Kafin Ka Faɗa Tekun Jidda

Gubaira, Riyad
Talata, bayan La'asar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, mai sunan Babana,

Ina gaishe ka gaisuwar uba, ko da yake bango ɗaya ne tsakanina da kai a yanzu da nake wannan magana, ina ma jin ƙarar selotef kana naɗe kekenka a kwali. Allah ya sa takardar nan ta same ka ka sauka Jidda lafiya, ka samu ɗaki mai iska da maƙwabta masu mutunci. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a wurin sabon aikinka, ya haɗa ka da mudir, wato shugaban aiki, mai tsoron Allah.

Ka san ban zauna a aji ba, don haka mahaifiyarka ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce ta rubuta yadda maganar ta fito, kada ta sa mata kwalli. Ta yarda, amma da sharaɗin in na yi ƙari za ta sa baki. Kuma da Hausa na ce a rubuta da gangan. Na san za ka sha wahalar karantawa. Ka sha. Wanda zai yi iyo da keke da gudu a rana ɗaya ba zai kasa shafi shida ba.

Ka tuna yadda ka kawo mana labarin? Muna cin shinkafa ka shigo ka zauna, ka ce, "Yuba," wato Baba a Larabcin nan, "na shiga uku. Zan gudu a Jidda." Na mayar da lomar cikin kwano. Mahaifiyarka ta saki ludayi ta kama salati. A Gubaira in mutum ya ce zai gudu, abu ɗaya ake nufi: zai bar kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, a rubuta masa hurub, takardar wanda ya tsere, ya koma ɓuya kamar ɓera. Na ce, "Wa ya zalunce ka? Ko aikin ba ka fara ba, iƙamarka ta zaman ƙasa sabuwa fil, me ya yi zafi?" Kai kuwa kana ta kaɗa hannu kana cewa, "La, la, Yuba, uku! Zan wanka a bahar, zan keke, zan gudu!" Sai da ka ciro waya ka nuna mana mutane da lamba a ƙirji, sannan muka gane gasa ce mai hawa uku, wadda kuke kira tirayatlon. Mahaifiyarka ta yi dariya har da riƙe ciki. To shawarar farko ke nan, kuma kyauta ce: akwai "zan gudu", akwai "zan yi gudu". Ka riƙe wannan "yi" ɗin da kyau. In ka yar da shi a gaban Bahaushe a Jidda, kafin Magariba labari ya iso Gubaira cewa ɗan Alhaji Ɗanjuma direba ya tsere.

Ni ban yi dariya ba. Da na ji cewa a cikin teku za a yi iyon, na ce ban yarda ba, kuma ban sa albarka ba. Yau kwana goma sha ɗaya ban amsa maka komai ba sai sallama. Kai kuma da ka gado taurin kai ban san daga ina ba, ka ci gaba da shirinka. (Ni ce Ummanka: na san daga ina.) Wata huɗu suka rage a yi gasar, kai ba ka taɓa yin iyo ba sai a masbah, kwatamin da aka shafe da tayil ana ganin ƙasansa, kuma jibi za ka bar gidan nan. Ba na so ka tafi da wannan maganar tawa a wuyanka, ka shiga ruwan gishiri da ita. Bakina ya ƙi buɗewa a gabanka, shi ya sa na sa a rubuta.

Abin da ba ka sani ba, ni na riga ka shiga ukun nan, tun ba a raɗa mata suna ba.

Ina da shekara kamar ashirin da biyar, a ƙauyenmu na bakin gulbi, can hayin Yawuri, saƙo ya iso da hantsi cewa motar da za ta kai mu Kano, mu masu tahowa Saudiyya, za ta tashi da Azahar. Wanda bai zo ba a ba wani gurbinsa. Kakarka, Allah ya jiƙanta, ta ce ɗanta ba zai je ƙasa mai tsarki da yunwa ba. Ta ajiye mini ɗumamen tuwo malmala uku da miyar kuka, ta dama fura kwano guda. Na cinye, na sha, na yi gyatsa. Na isa bakin ruwa, aka ce mai fito ya tafi suna da kwalekwalensa. Mu masunta ne, ruwa ba baƙonmu ba ne. Na naɗe kayana da sababbin takalmana a leda, na ɗaure a ka, na faɗa.

Ban kai tsakiya ba tuwon ya ce yana nan. Wani abu ya soke ni a haƙarƙari kamar an caka mini tsinken tsire, furar kuma tana hawa tana sauka. Don haka, Abba, ranar gasa kada ka yi wa cikinka biki. In abokai sun ce a ci kabsa, shinkafa da nama, don a samu ƙarfi, ka ce bayan an gama. Ka ci abu kaɗan wanda cikinka ya sani, burodi, ayaba, dabino, ka ba shi lokaci ya sauka kafin ka taɓa ruwa. Kuma duk abin da za ka ci a ranar, ka gwada cinsa tun yanzu a ranakun atisaye. Waɗannan 'yan ledojin masu kama da zuma da na gani a jakarka, kada ranar gasa ta zama ranar da za ku fara gaisawa.

Kuskure na biyu a cikin ruwan na yi shi. Na fara da ƙarfi kamar kada ya biyo ni, na dulmiya kai ina ta sara, ban ɗago ba. A raina ina nufin tsamiyar mashayar da ke ƙetare. Da numfashi ya ƙare na ɗago, tsamiya ta koma can sama, ni kuma ruwa ya gangara da ni har gonar albasar wasu mutane. Na fito cikin laka, mai gonar yana tsaye da fartanya yana kallona. Ya ce, "Samari, daga ina?" Na ce, "Saudiyya za ni." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To ka ɗan yi kwana, nan Nijeriya ce har yanzu."

A masbah akwai layi a ƙasa yana yi maka jagora. A teku babu. Ka koyi ɗago ido bayan kowane 'yan sara, ka nemi alamar da aka kafa, ko wani dogon gini a bayanta wanda ba ya motsi, ka gyara hanya, ka mayar da kai. Ka fara koyon wannan tun a masbah ɗin. Kuma kada ka bi ƙafar na gabanka ido rufe, wataƙila shi ma gonar albasa ya nufa. Farkon ruwa kuma a hankali ake shigarsa. Ƙarfin da ka zubar a minti biyar na farko, keke zai tambaye ka shi, gudu ma zai tambaye ka.

To na fito. Tsakanina da tasha akwai tafiya mai nisa. Na ari keken wani mai gyaran rediyo, dogon mutum kamar giginya. Sirdin keken ya kai mini ciki. Ban tsaya na sauke shi ba, wai ina sauri. Na hau ina miƙa ƙafa ina laluben feda, ina karkata hagu da dama kamar agwagwa. Kafin rabin hanya cinyoyina sun goge, bayana ya riƙe. Sai tayar baya ta ce fus. Ba faci, ba famfo, ba kowa sai shanu. Na ci gaba da tuƙawa a kan garen ƙarfe har kaca ta zame. Na jingine keken mutane a gindin wata bishiya a bakin wani ƙauye, na bar wa wata tsohuwa amanarsa.

Kekenka na san ba na aro ba ne, na ga yadda kake goge shi kamar amarya, ko motar Madam, matar da nake yi wa tuƙi, ba na yi wa haka. Amma kyau ba ya hana ƙusa. Jiya na je wurin Malam Isufu, mutumin Maraɗi mai gyaran keke a bayan masallacinmu, na ce ya ba ni tiyub biyu da faci da ƙaramin famfo irin na kekenka. Ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, ba kai ka hwaɗi ba ruwanka da wasan yaron ga ba?" Na ce, "Ba ruwana. Keken nake tausayi." Ya ce, "Wallai keken ya yi sa'ar uba." Na ce ya naɗe mini kaya ya daina surutu. Suna cikin akwatinka, ƙarƙashin sallaya. Isufu ya ce in gaya maka, kada ka ajiye su kamar laya. Ka zauna a ɗaki ka sace iskar tayar da kanka, ka cire, ka mayar, ka sake, har hannunka ya iya ba tare da ka kalli waya ba. Ya ce a kai keken wurin mai gyara mako guda kafin gasa, a duba birki da kaca, a daidaita sirdi da tsayinka, daga nan kada ka sake taɓa ko ƙusa ɗaya.

Hular kwano kuwa, shekara talatin da ɗoriya ina tuƙi a garin nan, na san abin da direba ke gani da abin da ba ya gani. Mai keke ba ma ganinsa, Abba. Gaskiya nake faɗa maka. Ido na kan waya, ko yara na faɗa a baya, ko Madam na cewa yalla yalla, a yi sauri. Ka sa hular ko burodi za ka saya, ka ɗaure igiyarta, ka nemi hanyar da aka ware wa masu keke irin ta Wadi Hanifa da kake zuwa a nan, ka fita tare da jama'a.

Mu koma kan labarina. Da na sauka daga keken nan na ce to, sauran a guje. Na kwance leda na ciro sababbin takalman da na saya don shiga jirgi, baƙaƙe masu ƙyalli, ko sau ɗaya ban taɓa sa su ba. Na zura ƙafa da laka da yashi, ba safa. Na ɗaga ƙafa zan ruga, sai na ji ba tawa ba ce. Kamar an cire ƙasusuwan an zuba kunu. Taku huɗu na yi na kife a gaban masu tallar ƙosai. Wata a cikinsu ta ce, "Sannu, ango, ina amaryar?" Na tashi na kakkaɓe, na ci gaba ina tangaɗi.

Na daɗe ina zaton asiri aka yi mini a ranar. Sai da na gan ka rannan ka dawo daga keke ka jefar da shi ka fita da gudu a layinmu, kana tafiya kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu, na ce ashe ciwon gidanmu ne. Ƙafar da ta saba juya feda ba ta yarda da ƙasa nan take. To ka ci gaba da yi mata wannan darasin, ko sau ɗaya a mako: ka sauka daga keke, ka yi ɗan gudu ko na minti goma ne, da gajerun taku, har ta daina mamaki. Wurin sauya kaya ma ka maimaita shi a ɗakinka. Ka shimfiɗa tawul, ka jera hula da tabarau da takalmi yadda hannu zai same su ko kanka na juyawa. Ka share yashin ƙafa kafin ka sa takalmi, wannan 'yar tsayawar ba asara ba ce. Takalmi kuma wanda ya san ƙafarka. Ni na isa tasha da ƙafafu sun yi ruwa sun fashe, takalman a hannu. Har yau akwai tabon a dugadugina, in kana musu ka tambayi mai rubutun nan. (Akwai. Amma da ya fara ba ni labarin, malmala biyu ce, ba uku ba.)

Ruwan sha ma ban ɗauka ba. Wai ni da na fito daga gulbi. Ina shiga tasha na ga mutane sun zama bibbiyu, na zauna a ƙasa ba tare da na yi niyya ba. Wani ɗan kamasho ya kwara mini buta a ka. Da na farfaɗo na ce, "Motar Kano ta tashi?" Ya nuna mini ita. Tana tsaye a kan duwatsu, an cire mata taya biyu, direba na barci a ƙarƙashinta. Sai washegari da hantsi muka tashi. Mai fito ma ya dawo daga suna ya kawo wasu mutum biyu, suka iso a bushe, da takalmansu a ƙafa.

Ka ji. Kai za ka ce abin dariya ne, ni ma yanzu dariya nake yi. Amma zafin Jidda ba irin na Riyad ba ne. Namu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe, gumi na zuba ba ya bushewa, mutum yana dahuwa bai sani ba. Ka yi atisayenka bayan sallar Asuba, kafin rana ta buɗe ido. Ka sha ruwa kafin ƙishirwa ta tambaya, kurɓi kurɓi a kan keke, da ɗan abin gishirin nan da kuke zubawa. In ka ji kanka na sarawa, ko sanyi na kama ka cikin rana, ko gumi ya ɗauke, ka nemi inuwa ka zauna. Halas, na ranar ya ƙare.

Akwai kuma wautar da na yi da furfurata, wannan ka gan ta da idonka amma ba ka san asalinta ba. Da likita ya ce sukarina ya hau, ya ce in riƙa tafiyar rabin awa. Tafiya ya ce. Ina jiran Madam a Safarat, unguwar ofisoshin jakadanci, na hau 'yar hanyar nan ta cikin duwatsu da itatuwan dabino. Sai ga wani tsohon Bature, kansa fari fat, ƙafafu kamar sillen kara, ya wuce ni da gudu har yana ɗaga mini hannu. Na ce yau ga raini. Na tattare jallabiya na bi shi da takalmin aiki. Na wuce shi kuwa. Washegari na sake, jibi na sake, kwana bakwai ba fashi. Gwiwa tana magana ina ce mata ta yi shiru. Rana ta takwas ta kumbura kamar ƙwarya. Baturen ya same ni zaune a kan dutse, ya tsaya yana haki ya ce, "Shuwayya shuwayya, ya Hajji," wato in bi a hankali. Har gobe yana gudunsa. Ni kuma ka ga a kan kujera nake sallah. A gida na ce muku a matakala na zame. (Yau na fara jin wannan. Za mu yi magana.)

Don haka kada ka tara wa jiki aikin wata a mako guda. Ka ƙara kaɗan kaɗan, in mako uku sun yi nauyi na huɗu ya zama mai sauƙi. Ka ware rana ɗaya, Juma'a ma ta isa, ba keke ba gudu ba ruwa, ka yi wanka ka sa turare ka je masallaci ka dawo ka kwanta. Yawancin atisayenka ka yi shi da saurin da za ka iya hira da na kusa da kai. In wani ya wuce ka, ka ɗaga masa hannu. Ciwon gajiya daban, ciwon da ke soka a wuri ɗaya daban, na biyun in ya zo ka tsaya ka nemi likita. Kuma na lura da kai, keke kake so, kullum keke, don a nan kake burge mutane. Wanda ka fi rauni a kansa shi za ka fi ba lokaci. Mu duka mun san wanne ne.

To ga maganar da nake ta kewayawa.

Kana da shekara bakwai muka je Dammam da hutun Sallah. Ka tsaya a bakin teku kana wasa da kumfa, ruwa na zuwa kana ja da baya kana dariya. Na ce jikan masunta ba zai ji tsoron ruwa ba. Na ɗauke ka na taka kan duwatsu, na cilla ka inda ya fi ƙarfin tsayinka. Na tsaya ina ƙirga goma kafin in shiga. Da na ciro ka kana aman ruwan gishiri, idanunka a kaina, ba ka yi kuka ba. Tun daga ranar ko hoton teku aka nuna a talabijin sai ka tashi ka ba mutane wuri. Mahaifiyarka ta yi mako ba ta dafa mini abin kirki ba. Ni kuwa shekara goma sha takwas ina cewa daidai na yi, haka Babana ya yi mini, haka ake yi wa kowane yaro a garinmu, a jefa shi ya fito da iyo.

Ka san ni da tunawa. Duk Gubaira in ana musun wa ya riga wa zuwa, ko wace shekara aka rushe wane gida, ni ake kira. Makon jiya na aika wa gwaggonka, Yaya Kulu, saƙon murya ina kai ƙararka, ina cewa yaron da na jefa a ruwa ya kasa, shi ne yau zai shiga teku. Ta maido mini da amsa tana dariya har tana tari. Ta ce, "Kai Ɗanjuma, sarkin tunawa! Ran da Baba ya jefa ka, ai da gora ɗaure a ƙugunka, ni na ɗaura maka ita da hannuna. Igiyar tana hannun Baba. Kawu Bawa da ƙaninsa suna tsaye a ruwa har ƙirji, hannuwa a buɗe. Kuma kafin ranar sai da ka yi damina guda kana fantsama a bakin gaɓa. Wa ya ce maka haka kawai ake jefa yaro? Ɗan akuya ne?"

Sau biyar na saurari saƙon nan a cikin mota. Ni abin da na riƙe shi ne tashina sama da faɗawata. Gorar, da igiyar, da mutanen da ke jirana a ƙasa, duk ban gan su ba, don yaro ne ni, idona a rufe. Rabin al'adar na ɗauko na zo da shi ƙasar mutane na yi maka aiki da shi.

Da ka je ka koyi iyo a ɓoye da girmanka, cikin yara ƙanana, ban ce maka sannu ba. Da ka sayo wannan jan balan-balan da ake ɗaurawa a ƙugu ana jansa a ruwa, na ce kayan wasan yara ne. Abba, gorar ce. Ita ce dai, sun sauya mata launi. Ka ɗaura ta duk ranar da za ka yi atisaye a teku. Kada ka shiga kai kaɗai ko da ruwan ya kwanta kamar tabarma. Ka nemi masu yin wannan abu a Jidda, ka shiga cikinsu, a wurin da aka yarda a yi iyo kuma akwai mai ceto a tsaye. Ranar farko ka tsaya iya gwiwa, ka ɗanɗani gishirin, ka koma gida. Ta biyu iya ƙirji, ka sa fuska ka hura kumfa. Ka yi ta bin gaɓa inda ƙafarka ke taɓa ƙasa har ranar da zuciyarka ta daina bugun ƙofa. Wata huɗu sun isa a yi damina guda.

Ranar gasa ka tsaya a baya ko a gefe, ka bar masu gaggawa su shuri junansu. In tsoron nan ya taso maka a tsakiya, kuma zai iya tasowa, ka juya rigingine ka kalli sama ka yi numfashi har ya wuce. In bai wuce ba ka ɗaga hannu, masu kwalekwale su zo su ɗauke ka. Don haka aka ajiye su. Abin da ya hana ni barci kwanakin nan shi ne na san ka. Na san za ka iya jin kana nutsewa ka ƙi ɗaga hannun, don kada labari ya zo mini. To ga shi a rubuce, da shaida: in don ka nuna mini kake yi, ba ka da abin nunawa. In ka gama, ɗana ne kai. In aka kawo ka gaɓa a kwalekwale kana tsiyayar ruwa, ɗana ne kai, kuma ni zan fara ba da labarin a bakin masallaci, in ce yaron ya fi ubansa hankali.

Abin da na yi maka a Dammam kuskure ne. Ka yafe mini.

Mahaifiyarka ta ajiye biro ta ce ba ta ji da kyau ba, in maimaita. Na ce kunnenta lafiya lau. Ta ce shekara talatin tana jiran ta ji kalmar nan daga bakina, ba za ta rubuta ta a kan zato ba. To na maimaita. Kuskure ne. Ta rubuta sau biyu, kada ka saba.

Maganar da na yi a kan tabarmar cin abinci na janye ta. Na yarda, kuma na sa albarka, a ruwan da keken da gudun, duka ukun. Allah ya kwantar maka da teku, ya sa ta ɗauke ka kamar yadda uwa ke ɗaukar ɗa. Allah ya kare tayarka daga ƙusa, kanka daga kwalta, gwiwarka daga halin ubanka. Allah ya raba ka da mugun direba da mugun aboki. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka kira mahaifiyarka duk Juma'a, da Hausa. In ka fito daga ruwan ranar, kafin ka nemi kowa, ni za ka fara kira, zan kasance zaune da waya a hannu tun Asuba.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Alhaji Ɗanjuma direba,
da hannun Ummanka, wadda ita ma ta sa albarka tun kwana goma sha ɗaya da suka wuce.